Narkakkiyar Dalma a Gindin Tanki

Rana ta yi ja a kan katangar yamma, inuwar tankin ruwa ta miƙe har bakin kicin, gidan ya shiga irin shirun da yake shiga kullum idan magariba ta gabato. Maman Auta tana kwashe wanki daga igiya. A ɗan ɗakin da ke bayan gida, wanda mijinta ya mayar wurin aiki, fanka tana juyawa a hankali bisa wani dogon tebur cike da wayoyi da matattun na'urori. Mutumin da kowa a unguwar ke kira Injiniya yana zaune gaban kwamfuta, jijiyar goshinsa ta tashi raɗau.

Sana'arsa haɗa ƙananan alluna ce, irin waɗanda ake sakawa cikin injuna su zama ƙwaƙwalwarsu. Wanda ke gabansa ranar ɗan kore ne, bai fi tafin hannu ba, na injin ƙyanƙyasar ƙwai. Shi ke lura da zafi da danshi, shi ke juya ƙwai a kan lokaci. Mai Kaji, wanda suka daɗe suna hulɗa, ya kawo shi don a sabunta masa manhaja kafin ya zuba sabbin ƙwai, kuma ƙwan suna can a jere suna jira, kullum suna ƙara kwana.

Aikin ba wani aiki ba ne. Injiniya bai ma yi shi da hannunsa ba. Yana tsaye yana amsa waya ya ce wa Auta, ƙaramar 'yarsa da ke karatun lantarki a kwaleji, ta danna sabuntawar. Ta danna, allon ya mutu ya sake tashi. Daga nan komai ya dagule.

Allon ba shi da fuska, ba shi da maɓalli. Hanya ɗaya ake magana da shi, ta kafar siriyal, wasu siraran wayoyi uku da ke haɗa shi da kwamfuta: ta aikawa, ta karɓa, da ta ƙasa. A da, ana kunna shi zai rubuto gaisuwarsa a fuskar kwamfuta, ya faɗi zafi, ya faɗi danshi, ya tsaya jiran umarni. Yanzu ba abin da ke fitowa sai tarkacen haruffa, alamomin tambaya da 'yan baƙaƙen akwatuna, layi bayan layi, kamar sambatun mai zazzaɓi. In ya buga umarni, allon ko gezau.

Ya canja kebul. Ya musanya wayar aikawa da ta karɓa, ya mayar. Ya sa mita ya auna wuta, wuta daidai. Ya haɗa bakin aikawa da na karɓa na kwamfutar ita kaɗai, ya buga harafi, harafin ya dawo masa lafiya lau, wato laifin ba nata ba ne. Ya san sai gudun magana ya zo ɗaya tsakanin allo da kwamfuta kafin su fahimci juna, don haka ya bi duk gudun da aka saba ɗaya bayan ɗaya. Tarkacen ya canja kama, amma tarkace ne. Mai Kaji ya sake kira, muryarsa ta fara rasa ladabin da aka san shi da shi.

A lokacin ne Auta ta leƙo daga bakin ƙofa.

"Baba, ko in taya ka da wani abu?"

Ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya. "Ki taya ni da me? Ba ke kika kashe shi ba? Me kika taɓa?"

"Wallahi abin da ka ce shi na danna."

"Rufe mini baki! Hannun nan naki bai taɓa taɓa abu ya yi albarka ba. Ɓace mini da gani!"

Yarinyar ta ja da baya. Ta dubi hannunta na hagu, wanda da shi take komai tun tana ƙarama, ta saki labule ta tafi.

Injiniya ya yanke shawarar sake liƙe ƙafafun kafar, ko akwai wadda ta saki. Ya ɗora ɗan kaskon dalma a wuta har ta narke tana sheƙi. Cikin ɓacin rai ya kai hannu, sai gefen kaskon ya lashe shi a yatsa. Ya yi ashar, ya cafi mariƙin, ya watsa narkakkiyar dalmar ta taga da dukkan ƙarfinsa, can gindin tanki inda yake jibge matattun alluna. Bai yi bisimilla ba. A daidai lokacin ladan ya ɗaga murya.

Wani siririn kuka ya tashi daga gindin tankin. Ya fara kamar na ɗan kyanwa, ya ƙare kamar na ɗan mutum. Maman Auta ta tsaya cak da zani a hannu. Iska ta ɗauke. Sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗakin aikin, ya gangaro a hankali, ya faɗi gabanta. Ta sunkuya ta ɗauka, ta yi wuf ta yar. Dutsen da zafi, kamar daga murhu aka zaro shi.

Tun daga ranar, gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Da rana komai lafiya. Amma da zarar haske ya fara dusashewa, sai jifa ta fara, dutse ɗaya, sai shiru mai tsawo, sai wani, kuma duk a kan ɗakin aikin suke sauka. Injiniya ya fita titi ba takalmi yana zagin 'ya'yan maƙwabta, ya buga ƙofofi, ya ɓata da mutanen da suka shekara ashirin suna gaisawa. Wani maƙwabci ya hau katanga ya tsaya gadi, ya sauko a guje. Ya ce duwatsun ba daga waje suke zuwa ba, daga cikin gidan suke tashi.

Bayan jifa sai murya. Daga bayan tanki ake jin ta, ta tsohuwa, ƙasa-ƙasa, tana mita ba a gane abin da take cewa, tare da shessheƙar yaro. In an haska fitila babu kowa sai tarin alluna da ɗigon dalma da ya daskare a ƙasa.

"Baban Auta, a kira Yaya," in ji matarsa. Yayanta malami ne, mutane suna zuwa wurinsa kan irin wannan.

"A kira shi ya yi me? Ya gyara mini allo?"

Shi allon kawai yake gani. Mai Kaji ya daina gaisuwa, in ya kira sai dai ya ce ƙwai sun fara lalacewa. Injiniya ya daina cin abinci a kan lokaci, ya daina aski, ya daina yi wa kowa magana sai da tsawa. Wata yamma ya zare wutar allon gaba ɗaya don ya huta, ya jingina da kujera. Haruffan ba su tsaya ba. Suka ci gaba da zubowa a fuskar kwamfuta, da sauri fiye da da, daga allon da babu ko ɗigon wuta a jikinsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce wa kansa waya ce a sake take kwasar hayaniyar iska, ya kashe kwamfutar da duka.

Auta kuwa ta janye daga kowa. In ta dawo daga kwaleji ba ta bi ta gaban ɗakin uban, sai ta zagaya ta zauna a kan wani bulo kusa da tanki har duhu ya rufa. Uwar ta hana, ta sake hanawa, yarinyar ta ce nan ne kaɗai ba a yi mata tsawa. Wata safiya ta tashi hannunta na hagu a dunƙule, yatsun sun ƙi buɗuwa. Aka kai ta asibiti, aka duba, aka ɗauki hoto, ba a ga komai ba.

A magaribar ranar ne ta faɗi. Tana tsaye tsakar gida sai ta sulale, ta yi wani gurnani da ba a taɓa jin irinsa daga bakinta ba. Da ta ɗago, idanunta sun kaɗa sun yi ja, fuskarta ta yamutse kamar ta 'yar shekara tamanin. Ta dubi uban da ya fito a guje, ta tofar da yawu a gabansa.

"Ga shi nan," in ji wata tsohuwar murya daga bakin yarinyar. "Ga mai wuta."

Maman Auta ba ta nemi izinin kowa ba a wannan karon. Ta kira yayanta.

Malam ya iso kafin duhu ya gama sauka, dattijo ne siriri mai farin gilashi, ba ya gaggawa a magana ko a tafiya. Bai zo da komai ba. Ya ce a shimfiɗa tabarma a falo, a kawo ruwa a kofi, uwar ta riƙe kafaɗun 'yarta. Ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu da murya mai sanyi. Injiniya yana tsaye jikin bango, hannuwa a harɗe, yana huci.

Da farko yarinyar dariya take. Da karatun ya yi nisa sai dariyar ta koma kuka, jikinta ya ɗauki karkarwa, ta fara turje ƙafa a kan tabarma.

"Daina! Ka daina ƙona ni! Wai gidan nan kowa ƙuna kawai ya iya?"

Malam ya dakata. "Wace ce ke?"

"Ina ruwanka da sunana? Maƙwabciya ce. A gindin tankin can muke, ni da jikana."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Shi jikana me ya yi wa wancan?" Hannun dama na Auta ya miƙe ya nuna uban. "Yaro yana wasansa da magariba, a ƙofar gidansu, bai tare wa kowa hanya ba. Wannan ya watso masa narkakken ƙarfe a ƙafa. Ko sunan Allah bai ambata ba balle mu kauce. Da ashar ya raka shi. Ƙafar ta saɓule har ƙashi. Tun ranar yaron bai taka ƙasa ba, ni ma ban runtsa ba."

Injiniya ne ya amsa, da irin muryar da ya saba tsorata gidan da ita.

"Gidana ne! Da gumina na gina shi! Wa ya ba ku izinin zama a ciki? Kun lalata mini aiki, kun zubar mini da mutunci a gaban abokin hulɗa, yanzu kuma 'yata?"

"Ka gina?" Tsohuwar ta yi wata ƙaƙƙarfar dariya. "Muna nan tun wurin nan yana fili, ka zo ka kafa tankinka a kanmu, ka riƙa zubo mana ƙarafa, ba mu ce uffan ba. Ɗan allon naka kuwa, ban taɓa shi ba sai bayan ka ƙona yaron, shi ma wasa na yi da wayarka don in ga idonka ya raina fata. Ciwon da ke cikinsa naka ne. Kar ka ɗora mana."

"Ƙarya kike!"

"Injiniya," in ji Malam, bai ko ɗaga murya ba. "Zauna."

Bai zauna ba, amma ya yi shiru.

Malam ya juya ga yarinyar. "An zalunce ki, na ji. Amma kin bar mai laifi kin kama marar laifi. Wannan shi ma zalunci ne, kuma kin san akwai ranar da za a tambaye ki."

"Ni ban ƙwace komai ba. Tsinta na yi." Muryar ta sauko, ta yi sanyi, sanyin da ya fi ihun ban tsoro. "Kullum tana zuwa ta zauna a kan bulo kusa da mu tana kuka, tana kallon hannunta, tana cewa ubanta ya ce ba shi da albarka. Na ce to, tunda uban ya yar, ni ina so. Ƙafar jikana ta tafi, hannun 'yarsa ya zama nawa."

Maman Auta ta ɗago kai a hankali ta dubi mijinta. Ba ta san da wannan maganar ba sai yanzu. Kallon ya sa Injiniya ya saki hannuwansa, ya zame jikin bango har ƙasa.

"Hannun ba naki ba ne, ba kuma na ubanta ba ne da zai yar," in ji Malam. "Faɗi abin da za a yi miki wanda ba cuta a ciki, ki fita."

"Ba na fita."

Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Ya tofa a ruwa ya yayyafa. Yarinyar ta sandare, ta yi ƙara har gilashin taga ya amsa, duwatsu suka zubo kan kwano kamar ruwan ƙanƙara. Uwar ta ƙanƙame ta tana hawaye, amma ba ta saki ba. An daɗe a haka kafin muryar ta karye.

"Tsaya! Tsaya, zan faɗa." Tana haki. "Ya kwashe ƙarafansa daga ƙofarmu. Ya fitar da wutarsa daga ɗakin can, kar in sake jin warin dalma a gidan nan. Kuma ya ba ni haƙuri da bakinsa, in ji da kunnena."

Malam ya dubi surukinsa. Duk wanda ya san Injiniya ya san bai taɓa ba kowa haƙuri ba, ko matarsa, ko abokin aiki. Muƙamuƙinsa yana motsi, idanunsa sun yi jajir. Ya dubi dunƙulallen hannun 'yarsa a kan tabarma.

"Ki yi haƙuri," ya ce, can ƙasan maƙogwaro.

"Ban ji ba. Lokacin ashar ai har titi aka ji ka."

Ya rintse ido. "Na yi laifi. Na ƙona yaron da bai yi mini komai ba. Ki yi haƙuri, don Allah."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa ta idanun 'yarsa. "Ba don ranka ya so ba," ta ce. "Amma na karɓa."

"Hannun fa?" in ji Malam.

"Zan fita daga jikinta yanzu. Amma abin da ya riga ya shiga hannun ba ya fita a yini ɗaya, ko ka ƙona ni ƙurmus. Ranar da jikana ya taka ƙasa, ranar zai buɗe."

Malam ya matsa mata, ya sake matsawa, ba ta canja magana ba. Ya sa ta rantse ba za ta dawo ba, ita da duk wani nata. Ta rantse, tana mita. Sai jikin Auta ya saki gaba ɗaya, ta yi atishawa mai ƙarfi, ta kwanta a cinyar uwarta kamar wadda ta yi gudu mai nisa. A waje jifa ta tsaya. Aka ji wani abu kamar jan ƙafa ya bi ta tsakar gida, ya nufi tanki, ya ɓace.

Auta ta buɗe ido. "Mama, me Kawu yake yi a nan?"

Washegari da hantsi Injiniya ya kwashe tarin allunan da hannunsa, ya kankare daskararriyar dalmar, ya share wurin tas. Kafin ya fara ɗaure kayan ɗakin, ya zauna gaban allon karo na ƙarshe, ba huci, ba zagi. Ya jawo na'urar da ke zana motsin wuta a kan gilashi, wadda take ajiye a bayansa tun farko amma fushi bai bar shi ya tuna da ita ba. Ya ɗora tsinkenta a wayar aikawa, ya kunna allon. Maganar allon ta fito a zane, tsaf, ba hayaniya. Ya auna faɗin kowane bugu, ya ga ya fi yadda ya kamata. Nan take ya gane. Sabuwar manhajar ta ɗauka agogon cikin allon ya fi gudun da yake da shi, don haka allon yake magana a wani gudu da ya faɗa tsakanin waɗanda aka saba, kwamfuta kuwa ba ta san shi ba. Ko wa ya danna sabuntawar, haka za ta kasance. Ya gyara lamba ɗaya, ya sake loda manhajar. Gaisuwar allon ta fito a fuskar kwamfuta, sai zafi, sai danshi, sai ya tsaya jiran umarni.

Bai ji daɗin komai ba. Ya daɗe zaune yana kallon haruffan.

Mai Kaji ya zo ya karɓi allonsa ba tare da ya shigo ba. Rabin ƙwan sun riga sun lalace, bai kuma sake kawo aiki ba. Injiniya ya kama shago a bakin titi ya mayar da kayansa can. Ɗakin bayan ya zauna a rufe.

Ya sami Auta a falo ya gaya mata abin da ya gano, cewa ba hannunta ba ne, bai taɓa zama hannunta ba, kuma abin da ya faɗa ranar ƙarya ce. Ta saurara kanta a sunkuye. Ba ta tuna komai na abin da ya faru a kan tabarma ba, amma maganarsa a bakin ƙofa tana nan daram. "Na ji, Baba," ta ce, ta tashi.

Uwar ce ta tare shi a kicin. "Aljana ta ji haƙurinka a yini ɗaya saboda tana son ta tafi," ta ce. "Mu muna nan. Kar ka zaci namu zai zo da sauri haka."

Makonni suka wuce. Auta tana zuwa kwaleji da hannu a dunƙule, tana koyon rubutu da dama, ƙawayenta suna yi mata aikin da ke buƙatar hannu biyu. Uban yana dawowa da wuri yanzu, yana sallama a ƙofa, yana ambaton Allah kafin ya zubar da ko ruwan sanyi. Wani lokaci fushin yana taso masa har wuya, sai a ga ya fita ya tsaya a titi har ya sauka.

Wata yamma, rana ta kusa faɗuwa, su uku suna tsakar gida, kowa da abin da yake yi. Sai suka ji sawu daga wajen tanki, ƙananan ƙafafu, tif-tif-tif, suna gudu a kan siminti, duka biyun suna sauka daidai. Wata 'yar dariya ta biyo baya, sannan muryar tsohuwa tana tsawatarwa, sannan shiru.

Auta ta yi 'yar ƙara. Yatsunta suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, tafin ya yi fari fat. Uwar ta kama hannun ta manna a fuskarta tana hamdala. Injiniya ya miƙe, ya matso, ya miƙa nasa hannun.

"Kawo in gani, Auta."

Ta dube shi, ta dubi hannun da ya miƙo. Ta motsa yatsunta a gabansa, ta dunƙule, ta buɗe.

"Yana aiki, Baba," ta ce.

Ta shiga ɗakinta, ta ja ƙofar da hannun hagun ta rufe.